Mariƙin Bahago

A kasuwar Zakirai Tajuddeen ya fara ganin Fanta, kuma ba ita ya je nema ba. Baka ya je saya, don abokansa sun ishe shi da gori, wai duk rani su tafi farauta shi yana gida yana gadin rumbu.

Tana zaune a rumfar mahaifinta, Malam Dabo, Sarkin Bakan ƙauyensu, tana naɗa fata a mariƙin wani baka. Iska ta ture kwari daga jikin ginshiƙi, Tajuddeen ya cafe shi kafin kibau su zube. Fanta ta dubi hannun da ya cafe, ta dubi fuskarsa, ta ci gaba da aikinta.

Malam Dabo ba ya sayar da baka a tsaitsaye. Sai ya ba ka curin laka ka matse, sannan ya sassaƙa mariƙin daidai da sawun yatsunka.

"Matse da hagu," ya ce. "Ita ke riƙe baka, dama ta ja tsirkiya."

To, Tajuddeen bahago ne. Tun yana ƙarami aka yi ta buge masa hannu a bakin akushi har ya ƙware a ɓoyo. Bahago kuwa da dama yake riƙe baka, hagu ta ja. Amma kunya ta hana shi gyara wa dattijo magana. Ya matse da hagu, har da godiya.

Kafin a gama bakan ya zo duba aiki fiye da yadda aikin ke bukata, har ya samu lambar Fanta.

"Fantana," ya rubuta mata, "yau na zo ban tarar da ke ba, kasuwar duk ta yi min salam."

Ta amsa: "Baka yana nan lafiya, Malam Taju. Mai shi ne nake ganin ba lafiya ba."

Da manyansa suka je neman izini, Malam Dabo ya ce shi ba ya ba da 'ya sai ya ga harbin mai nema. Aka rataye tsohuwar ƙwarya a jikin kuka a bayan gari. Tajuddeen ya ɗana kibiya, mariƙin na zame masa a tafin hannu. Ta farko ta caki ƙasa. Ta biyu saura kaɗan ta samu akuyar mutane.

Sama'ilu, wani maharbi da ya daɗe yana zagayen gidan Sarkin Baka saboda Fanta, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yata ba ta shiga gidan da kwari yake ado," in ji Malam Dabo. "Ka dawo kafin ruwan shuka. In ka sake kuskurewa, magana ta mutu."

Sai kuma labari ya zaga cewa Fanta na zaune tana goge sabon baka mai lanƙwasassun kawuna, Sama'ilu kuma ya ce nasa ne. Tajuddeen ya ji zafi ƙwarai. Ya daina amsa saƙo, ya koma zaman gindin rumbu.

Fanta ta bar shi ya ƙoshi da fushinsa, sannan ta rubuta: "Bahagona, bakan naka ne, mariƙi kawai ya rage. Na ga hannun da ya cafe kwari. Ka matse laka da dama."

"Ashe kin sani? In kawo miki yaushe?"

"Ba ni za ka kawo wa ba. Baba za ka kai wa, da bakinka."

Wannan ya fi masa harbi wuya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kafin ya iya ɗaukar ƙafa. Ya durƙusa a zauren Malam Dabo, ya ajiye curin lakar da ya matse da dama.

"Baba, ni bahago ne."

Dattijon ya juya lakar a hannunsa. "Na sani. Ina cikin rumfa ranar da kwari ya faɗo. Jira nake in ji daga bakinka. Wanda ya ɓoye min hannunsa, ban san me zai ɓoye wa 'yata ba."

Da aka sake taruwa a gindin kuka, sabon mariƙin ya zauna a hannun damansa ɗas. Ya ja da hagu, mutane na kallo, bai sunkuyar da kai ba. Ta farko ta shafi gefen ƙwarya. Ta biyu ta fasa ta. Sama'ilu ya tuna yana da aiki a gona.

Bayan kaka aka ɗaura aure, liman ya yi addu'a, tsofaffi suka sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Da aka kai amarya, Fanta ta ajiye masa tuwo, ta zauna tana kallon hannunsa.

"Maigidana, wannan ba baka ba ne," ta ce. "Da dama za ka ci."

Ya yi dariya, ya yi bismilla, ya sa dama.