Mai Zama da Amna

Tun da likita a Kazaure ya ɗora Amna kan maganin ciwon damuwa, barci ya ƙaurace mata. Ya ce ta riƙa sha da safe, kuma a samu mai zama da ita har jikinta ya saba. Mijinta Jalaluddeen, ɗan acaɓa a Roni, ya bugi ƙirji ya ce wannan aikinsa ne.

Kullum in ta kashe fitila, sai ta ji ya zauna bakin gado ya riƙe hannunta. Tafinsa sanyi kamar gindin randa, ta ɗauka iskar babur ce.

Wani dare wayarta ta yi ƙara. Jalaluddeen ne.

"Amna, na san kina fushi da yadda nake sulalewa shagon abokina Madu in kwana. Juye-juyenki ne na kasa jurewa."

"Baban Fatu, kai da ka yi mini alkawari?" ta ce, hawaye na zubo mata.

Sai ta lura katifar ba ta lotsa ba inda mutumin yake zaune. Cikin muryar mijinta sak ya ce, "Kashe wayar, Amna. Ni ai ban tafi ba."