Motar da Ba Ta Shan Mai

A shekarar da aka buɗe gadar Wuri, wata safiya mai hazo, Hapsatu ta fito za ta kai wa Goggo Delu waina a bayan masallacin New Bell, sai ta ga koriyar kamiyo, babbar motar kaya, a tsaye, an ɗaga murfin injin. Ta ja ta tsaya.

Direban ya ɗago kai ya ga budurwa ta kafe shi da ido. Jibirilla ke nan, ɗan garin Garwa. Bawan Allah har da gyara hula, shi ala dole kyansa ne ya tsayar da ita.

"Ƙanwata, lafiya? Ko na yi miki kama da wani?"

"Ba kai nake kallo ba, Malam. Motar yayana ce."

Wata uku ke nan da aka tsinci Yaya Yusufa a hanyar Edeya, a zaune ya jingina da tayar wannan mota, inji a buɗe, babu ko ƙwarzane a jikinsa, rai ya yi halinsa. Motar ta yi wata biyu a ajiye ba wanda ya yarda ya hau ta, sai baƙon da bai san labari ba.

Jibirilla ya yi mata ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa. Washegari ta sake biyowa ta nan, alhali Goggo ba ta ce tana son waina ba.

Kafin wata ya mutu, wasiƙun ajami sun fara yawo ta hannun Goggo Delu, a kan takardar buhun siminti.

"Hapsina, yau na tsallaka gada sau huɗu, kowane tsallake da sunanki a bakina. Ki gaida Goggo."

Ita kuma ta mayar: "Direbana, ka riƙa kallon hanya. Sunana ba inda zai gudu."

Son shi take, ba ta ɓoye wa kanta ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Wata safiya ya zaro ƙarfen awon baƙin mai a gabanta, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa.

"Duba, Hapsi, man ya wuce zanen cika. Tun da na karɓe ta daga tasha zuwa Bonaberi nake kai da kawowa, ko cokali ban ƙara mata ba. Mota mai albarka."

Ita ce mai riƙe wa Yaya Yusufa tsumma kullum da safe, kuma ba ranar da ba ya mita cewa motar nan shan mai gare ta kamar jaki a rani.

Maganar ta bazu a unguwa. Idi akawu, mai keke da Faransanci a baki, wanda ya daɗe yana zarya a ƙofar gidansu Hapsatu, shi ya ɗauke ta ɗungurungum ya kai wa mahaifinta, Malam Ɗantani, har da ƙarin gishiri.

"Baba, duk tasha an sani. Marigayi ne ke zuba masa mai, shi kuma yana ta alfahari a gaban mutane."

Malam Ɗantani ya kira 'yarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Uwata, na binne ɗaya saboda motar nan. Ba zan ba da ke ga mutumin da ke cin gumin mamaci yana dariya ba."

Ta yi fushi da Jibirilla har cikin ranta, ta daina amsa masa. Wasiƙa ta uku ta ce:

"Hapsina, wallahi ban taɓa ambaton yayanki da wasa ba. Abin da ƙarfe ya nuna min na faɗa. Asabar zan tafi Ngaundare da lodin gishiri. Ki yafe min kafin na kama hanya."

A satin nan ne gidan ya fara warin baƙin mai. Ran Talata tana sharar ɗakin Baba ta ga baƙin tabo a ƙarƙashin akwatin kwanonsa, ta goge. Ran Alhamis ya dawo. Ran Asabar bayan asuba ta taɓa wurin, yatsanta ya fito da danshi, da ɗumi kamar daga injin da aka kashe yanzu.

"Baba, me ke cikin akwatin nan?"

Ya jawo akwatin ya buɗe. A cikin rigar Yusufa ya warware wani siririn ƙarfe, da jan zare ɗaure a kunnensa. Ita ta ɗaura zaren da hannunta.

"A hannunsa aka same shi," in ji Baba. "Sai da mutum uku suka taru kafin yatsunsa su saki. Ni na wanke shi da toka, na ajiye shi a bushe."

Suna kallo, ɗigo ya taru a bakin ƙarfen, ya faɗa kan tabarma.

Hapsatu ta ce, "Baba, in na motar yana nan, shi da me yake awo?"

Ko takalmi Malam Ɗantani bai tsaya nema ba.

Sun tarar an gama ɗaure lodi, hazo ya rufe layin har ba a ganin hasumiyar masallaci, Jibirilla na shirin tayar da inji. Tsohon bai yi dogon bayani ba, ya ce a zaro ƙarfen da ke cikin motar. Aka jera su biyu a kan buhu. Na Jibirilla ya fi tsawo da yatsa huɗu. Ashe da mai motar ya rasa na ainihi, na wata matacciyar motar soja ya sa aka cusa mata, shi kuwa yana kaiwa har gindin kwanon man injin ya sharo ɗan abin da ya rage.

Jibirilla ya soka mai jan zaren, ya zaro. A bushe ƙayau, sai ɗan baƙi a can tsini.

Lita biyar motar ta shanye kafin mai ya taɓo zane. Jibirilla ya zauna daɓas a ƙasa. Ya san gangaren hanyar arewa, ya san abin da ke faruwa in inji ya kame da lodin gishiri a baya.

"Yusufa ba zuba maka yake ba, ɗana," in ji Malam Ɗantani, idonsa ya ciko. "Kira yake a zo a duba. Riƙe ƙarfen nan, naka ne. In Allah ya dawo da kai, ka turo manyanka."

Jibirilla ya juya wajen Hapsatu. "Kin yafe min?"

"Ka je ka dawo, direbana. Kuma kowace safiya ka auna."

Ya dawo bayan kwana ashirin da uku. Aka ɗaura aure a masallacin New Bell bayan ƙaramar Salla, Goggo Delu ta yi guɗa har muryarta ta dishe, Idi kuwa ya ce aiki ne ya riƙe shi a tasha. Malam Ɗantani ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya tsare hanya, ya jiƙan wanda ya riga mu.

Kafin a fita da amarya, Hapsatu ta zame ta shiga ɗakin Baba, ta durƙusa ta shafa ƙarƙashin akwatin. Wurin a bushe yake, da sanyi kamar kowace ƙasa. A nan ta yi kukan yayanta, wanda ta kasa yi tun ranar da aka kawo shi.