Ɗakin da Aka Toshe da Laka

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka kira ofishin 'yan sanda na Dutsin-Ma daga Karofi. An wayi gari da gawa biyu a gidan Zaharaddin manomin wake: mahaifiyarsa Inna Kande, da 'yarsa Yasmin mai shekara shida, wadda ke kwana a ɗakin kakarta.

Kafin Sufeto Dalhatu ya iso, unguwa ta gama yanke hukunci, don mutanenmu ba sa jiran likita. An yi cincirindo a ƙofar maƙwabciya Mas'uda mai fura, wadda ta aiko wa tsohuwar fura jiya da la'asar, wasu har da duwatsu a hannu. Sufeto ya sa aka kai ta mota, don kada a kashe ta a gabansa.

"Yallabai, shekara nawa ina ba Inna fura?" ta ce tana kuka. "Ragowar ƙwaryar ni da ɗiyana muka shanye. Ga mu da ranmu."

Sufeto ya shiga ɗakin marigayiyar. Wani wari irin na tafarnuwa ya daki hancinsa, nan take kansa ya sara. An cusa tsumma a taga saboda sanyi, ya fizge shi. A ƙarƙashin gado ya jawo kwando, kaza ce a ciki da 'yan tsakinta, duk a mace. Kaza dai ba ta sha fura ba. Da ya ɗaga kai, sai ya ga katangar da ta raba ɗakin da na kusa ba ta kai kwanon rufi ba.

Wancan ɗakin yana garƙame da kwaɗo, an bi gefen ƙofarsa an shafe da laka.

"Malam Zaharaddin, me ke ciki?"

"Tarkace ne, Yallabai. Makullin ya ɓace tun bara."

"Wakenka na bana fa?"

"Na sayar."

Sufeto ya danna lakar da yatsa, ta lotsa. Ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya fitar da kowa daga gidan, ya ajiye kofur a ƙofa. A juji ya tsinci gwangwanin ƙwayar kashe ƙwarin hatsi, wadda 'yan kasuwa ke kira bom, da tambarin wani shago a Kurfi.

Da Sufeto ya isa Kurfi, Rabo mai shagon ya fara da rantsuwa cewa bai san wani Zaharaddin ba.

"Tsohuwa da yarinya sun mutu," in ji Sufeto. "Sake tunani."

Rabo ya share gumi. "Gwangwani uku ya saya shekaranjiya, ranka shi daɗe. Ya ce ƙwari sun cinye mashi rabin na bara. Na faɗa mashi abin nan in ya sha iska guba yake fitarwa, a sa shi nesa da makwanci. Ya ce ai zai toshe ko'ina."

Bayan la'asar Sufeto ya dawo gidan, ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya sa aka ɓalle kwaɗon. Buhunan wake ne jere har sama, ga farar tokar ƙwayar a tsakaninsu, ga ɓeraye a mace. Zaharaddin ya sulale ƙasa.

"Tun da aka fara fasa rumbuna a gona kowa ya maido amfaninsa gida," ya ce. "Ni ma na maido. Wallahi na toshe ƙofa, na toshe taga, don kada iskar ta cuci yaran unguwa. Saman katangar ne ban duba ba."

"Shi ya sa ta rasa hanyar fita sai ɗakin mahaifiyarka," in ji Sufeto. "Wannan kuskure ne. Amma da safe kana tsaye ana shirin jifan Mas'uda, ka yi shiru. Shi kuma fa?"

"Da wane baki zan ce ma uwar Yasmin ni ne?"

Sufeto ya daɗe a aikin nan, amma ranar tausayi da takaici suka cika masa ciki. Ya sa aka buɗe wa Mas'uda mota. Ta wuce ta tsakiyar masu duwatsun ɗazu, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

Za a sa wa Zaharaddin ankwa, sai ya tsaya yana kallon ƙasan ƙofar. A jikin lakar akwai shaidar 'yan yatsu ƙanana.

"Yallabai," ya ce, "Yasmin ce ta riƙa miƙo mani lakar. Nan ƙasa ita ta shafe, ta ce Baba kada a bar ko rami ɗaya."

Kofur ya kama hannunsa, suka nufi mota.