Ɗanɗano a Tukubar Ghali

"Ghali, ajiye wuƙar nan."

Bai ajiye ba. Ya yanki ɗan balangu, ya dangwala a yaji, ya miƙa wa mutumin da ke gabansa a bakin wuƙa. Mutumin ya karɓa da hannu biyu ya matsa gefe. Na bayansa ya matso.

Haulatu ta dubi ragar da ke kan garwashi. Naman da za su kai wa alƙalan gasa ne, naman da ta wuni tana shafa wa yaji, ga shi ya koma bai kai rabi ba. Ta dubi layin, ba ta ga ƙarshensa ba. Duk 'yan gida ne, direbobi da masu gadi daga unguwar Najma ta nan Doha, wasu ko rigar aiki ba su cire ba.

Ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Wannan layin ba haka kawai ya taru ba. Turo su aka yi."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun da motar farko ta tsaya."

"Kuma kake ta yankawa..."

Ya ɗago. Hayaƙi ya mayar da idonsa jajur.

"Haula, mutum ya tsaya a tukubata, in kalli idonsa in ce babu ɗanɗano? Ubana bai taɓa yi ba har ya mutu."

Ta juya masa baya don kada ya ga hawayenta. A nan ta hango yayanta Ɗalhatu a gefen rumfar alƙalai, cikin farar jallabiya, ya harɗe hannu a ƙirji. Kusa da shi Mutala ne, abokin aikinsa, yana murmushi.

* * *

Ba zama ya kawo Haulatu Doha ba. Jego ta zo taya Rakiya, matar yayanta, a farkon shekarar korona. Sai aka rufe filayen jirgi. Cikin rufewar nan mahaifiyarsu, Inna, ta rasu a Kano. A waya aka gaya musu, a waya aka yi musu ta'aziyya. Ba su ga gawa ba, ba su ga kabari ba.

Daga nan Haulatu ta daina magana. Sai ta wuni a ɗaki a gidan yayanta da ke Al Wukair tana kallon bango. Ɗalhatu injiniyan gas ne. Ya san yadda ake gyara bututu, bai san yadda ake gyara ƙanwa ba.

Da babbar sallah aka kawo naman ragonsu daga mayanka, a yayyanke cikin kwali. Babu wanda ya yi sha'awar taɓa shi. Mai gadin ƙofar unguwarsu, wani dogon saurayi marar fara'a, ya ce in za a ba shi gawayi zai gasa musu. Shi ne Ghali, ɗan gidan mahauta daga Gusau. Da ƙamshin ya shigo ta taga, Haulatu ta tashi ba tare da kowa ya sa ta ba. Ta buɗe kayan jegon Rakiya, ta ɗebo ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro, ta haɗa yaji irin na Inna.

Ghali ya sauke takunkumi ya lasa. Ya dube ta.

"Citta ta yi yawa."

Maganar da ya fara yi mata ke nan a duniya.

Haushi ya turnuƙe ta. Ta fizge kwanon, ta koma kicin, ta sake haɗawa. Rakiya ta ce ranar da ta ga ƙanwar mijinta ta yi fushi, hamdala ta yi.

Da aka sassauta doka, sai Ghali ya gaya musu akwai masu gashi da ke haɗuwa ranar Juma'a bayan la'asar suna gasa a tsakaninsu. 'Yan Kenya, 'yan Sudan, Larabawan Labanan, kowa da irin wutarsa. Shi yana da rabin duro da raga, ba shi da mai yaji. Haulatu ta ce za ta gwada sau ɗaya. Rakiya ta goya jariri ta bi ta, don kada a ce yarinya ta fita ita kaɗai.

Sau ɗayan nan ya zama duk Juma'a.

Ba su taɓa cin gasar ba. Ko kusa. Wani ɗan Kenya ya gaya wa Ghali yana saurin yankawa kafin naman ya huta. Wani tsoho ɗan Sudan ya nuna musu gashi a kan dutse mai zafi. Su dawo a kaye, Haulatu ta yi mako guda tana rage barkono tana ƙara kimba, tana jiran Juma'a kamar mai jiran albishir. Ta lura ta daina kallon bango.

Wata rana ta tambaye shi me yake samu a abin da ba riba, ba kofi, sai ƙuna a yatsu.

"Duk mako ina buɗe wa mutane ƙofa, babu mai kallon fuskata," in ji shi. "Nan kuwa sunana ake kira."

Ya juya naman, bai dube ta ba.

"Kuma ga ki."

Da Ghali ya aiko da maganar aure, Ɗalhatu bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai kai ƙanwarsa gidan mahauta ba, balle mai gadin da ke buɗe masa ƙofa. Ya ce ga Mutala nan, injiniya, ɗan mutunci, ya daɗe yana nema. Haulatu ta ce ba ta so. Ya ce ba zai yi mata dole ba, amma shi ne kafil ɗinta, da izininsa take zaune a ƙasar nan. Ana gama gasar ƙwallon duniya za ta koma Kano wurin Kawu.

Rakiya ce ta yi ta roƙonsa ya je ya gani da idonsa ko sau ɗaya. Akwai babbar gasar gashi da aka shirya a wani fili a Al Rayyan saboda baƙin ƙwallo.

"Zan je in ga abin da ya raba ta da hankalinta," ya ce. "Daga nan khalas, magana ta ƙare."

Haulatu ta ɗora dukan burinta a kan ranar. In Yaya ya ga Ghali da kofi a hannu, a gaban Turawa da Larabawa, wataƙila ya ga mutum, ba mai gadi ba.

Mutala ma ya yi nasa lissafin. Ya san al'adar masu nama na gida: duk wanda ya tsaya, sai an yanka masa ɗanɗano, ko zai saya ko ba zai saya ba. Dokar gasa kuma ta ce ba a ƙaro nama daga waje, kuma kowane alƙali sai an cika masa faranti. Sai ya aika saƙo a zauren wayar 'yan Najma cewa ɗan'uwansu na rabon balangu kyauta a Al Rayyan.

* * *

Filin ya cika da tutoci. 'Yan Maroko na ta buga ganga, 'yan Ajantina sun jingina haƙarƙarin saniya guda a jikin wuta, sun kewaye rumfarsu da igiya, babu mai matsawa kusa. Kowace rumfa haka ta yi. Ta Ghali ce kawai a buɗe.

Haulatu ta share ido da gefen mayafi. Tana shirin cewa ta haƙura, ya yi yadda ya ga dama, sai wani dattijo ya iso gaban layi. Lado sunansa, tsohon direba, kowa a Najma ya san shi. Ya karɓi nasa ya sa a baki. Bai haɗiye da wuri ba. Ya tsaya yana taunawa, ido a rufe, har na baya suka fara tsokanarsa wai Baba ya yi barci a tsaye.

"Wa ya haɗa yajin nan?"

Ghali ya nuna ta da wuƙa.

"'Yata, wannan hannun Kano ne. Rabona da shi tun kafin cutar nan. A ɗakinmu sai shinkafa da kazar kanti." Ya lashe yatsa. "Wa ya koya miki?"

"Innata."

"Tana nan?"

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Ta bar abu."

Daga bayansa aka amsa da amin, layin gaba ɗaya, har can inda ba ta gani.

Tun da Inna ta rasu ba a taɓa taruwa an yi mata addu'a a gaban Haulatu ba. Sai yau, a bakin rabin duro.

Ta ɗauki wuƙa ta biyu.

"Yalla, na baya ya matso."

Ghali ya tsaya yana kallonta.

"Uwar yaji..."

"Yi min shiru. Kuma ka rage girman yankan, kai ko tsari ba ka da shi. Ɗanɗano aka ce, ba walima ba."

"To, ranki ya daɗe."

Shi yana yanka, ita tana barbaɗa yaji tana ɗora albasa. Rakiya ta sauke yaronta ta kama tsara layi tana yi wa masu son zagayowa sau biyu tsiya. Babu wanda ya wuce hannu wofi.

Da aka kaɗa ƙararrawar kai abinci, abin da ya rage bai fi tafin hannu ba.

Matar da ke kula da gasar ta leƙo, ta girgiza kai, ta ce za a zaftare musu maki, in suna so ma su janye. Ghali ya dubi Haulatu. Ita ta ɗauki katakon yanka da naman a kai, ta bar farantan a inda suke.

Ta tsaya a gaban alƙalai. Ta gaya musu da Turanci cewa a garinsu mai nama ba ya barin mutum ya tsaya a gabansa ya tafi bai ɗanɗana ba. Ta ce mutanen can da suke gani 'yan'uwansu ne, sun zo, an ba su haƙƙinsu, abin da ya rage ke nan. Su ma alƙalai yau irin na gida za a yi musu.

Ghali ya yanka siriri-siriri, ya miƙa wa kowa a bakin wuƙa.

Wani ƙaton alƙali Balarabe ya cinye nasa, ya miƙo hannu yana neman ƙari. Haulatu ta ce babu, sai dai ya je ya tambayi layi. Rumfar ta kwashe da dariya. Ita ma ta yi, har da riƙe ciki.

Ana jiran sakamako sai Lado ya hango Mutala. Ya taho da sauri, ya kama hannunsa da hannu biyu a gaban Ɗalhatu.

"Injiniya, Allah ya saka da alheri. Ba don saƙonka ba, ina za mu san ana wannan abu? Mota uku muka cika."

Mutala ya fara wata magana da ba ta da kai. Ɗalhatu ya juyo ya dube shi, kallo ɗaya. Kafin a jima Mutala ya tuna yana da aiki a ofis.

'Yan Ajantina suka zo na ɗaya. 'Yan Kenya na biyu. Mai sanarwa ya ce akwai rumfar da aka zaftare wa maki saboda ƙarancin nama, amma duk da haka ta zo ta uku. Ya kira sunan Ghali, ya karya shi, ya sake kira.

"Gusau! Gusau!"

'Yan Najma suka ɓarke kamar su aka ba kofin duniya. Suka ɗaga Ghali sama yana ta cewa su sauke shi. 'Yan Maroko suka kawo gangarsu, ba su ma san me ake yi ba.

Da ƙura ta lafa, Ɗalhatu ya tako zuwa rumfar. Ghali ya ajiye ɗan kofin ya rusuna.

"Ka san tarko ne?"

"Na sani, yallaɓai."

"Ka san abin da za ka iya rasawa?"

"Na sani." Ya ɗago ya dube shi. "Da na kore su don in burge ka, wanda za ka gani ba ni ba ne."

Ɗalhatu ya dubi ƙanwarsa. Mayafinta duk gawayi, yaji har a goshi, dariya ba ta gama barin fuskarta ba. Ya kawar da kai ya daɗe yana kallon tutoci.

"Rabon da in ji dariyarta tun Inna na da rai," ya ce, kamar da kansa yake. Sannan ya juyo. "Wa kake da shi a gida?"

"Baffana, a Gusau."

"Ka ce ya je Kano wurin Kawu. Zan kira kafin ya isa."

Haulatu ta matso gabansa. Ta durƙusa a nan kan yashi.

"Yaya..."

"Tashi, mutane na kallo."

Rakiya ta rangaɗa guɗa, ba ta damu da masu kallon ba.

Ghali ya juya ya kama juye toka daga duron, yana cewa bari ya nemi motar da za ta kai masa kaya Najma. Haulatu ta matso ta ce masa a hankali, masoyi, hannunka rawa yake. Ya ce zafin ƙarfe ne. Ta ce ƙarya yake.

Ɗalhatu ya naɗe hannun farar jallabiyarsa, ya sunkuya ya kama gefe ɗaya na duron, baƙi ƙirin da shi.

"Yallaɓai, rigarka..."

"Yaya za ka ce. Kama can, motata na kusa."