Duwatsun da Suka Zube a Falon Biki

Auta ta ɗauki laifin da ba nata ba, ta kuma ɗauke shi a gaban surukanta.

Shagon na Baba ne. Tun ana rubuta lamba a bayan riga da buroshi da fenti yake wannan sana'a. Da zamani ya juya, ya sayi injin danna zafi, ya koyi yanka ledar rubutu mai mannewa, ya koyi jera duwatsun ƙyalƙyali. Ya koya wa 'yar autarsa. Duk layin kasuwar an sani, rigar da ta fito daga hannun Baba sai dai ta yage, amma rubutunta ba ya ɓantarewa.

Abin da layin bai sani ba, idon Baba ya fara tafiya. Auta kaɗai ta gane. Ita ke jera duwatsu da hantsaki, ita ke saita zafin inji kowace safiya, ta matsa gefe ta bar shi ya danna. Bai taɓa cewa komai ba. Ita ma ba ta taɓa ba.

Dogo, saurayinta, shi ya kawo aikin. Ƙanwarsa ta gama karatu, za a yi walima, ita da ƙawayenta suna son riguna baƙaƙe, rubutu ruwan zinariya, duwatsu zagaye da wuya. Baba ya ce aikin surukai ne, da hannunsa zai danna.

Ranar dannawa Dogo ya zo ɗaukar Auta su duba gidan da za su zauna bayan aure. A gabansa ta saita injin daidai. Ta roƙi Baba ya jira ta. Ya ce tun ba a haife ta ba yake aiki.

Sun dawo sun tarar da riguna a ninke cikin leda, ƙanwar har ta aiko an ɗauka. Baba na shan shayi, yana cewa ya ɗan ƙara wa injin wuta don aikin ya kama da kyau. Auta ta kalli lambar zafin da ke jikin injin. Maɓallin ragewa ya latsa, ba na ƙarawa ba. Ta kira ƙanwar ta ce a dawo da rigunan ta sake dubawa, aka ce an riga an raba wa ƙawaye.

Ranar walima, ana tsakiyar rawa, duwatsu suka fara zuba kamar tsakuwa. Haruffa suka ɗago, suna lilo a ƙirjin 'yan mata. Masu waya suka ɗauka, aka yi ta dariya. Ƙanwar ta shige bayi tana kuka.

Washegari mahaifiyar Dogo ta zo shagon da kanta, ta zube rigunan a kan teburin yanka. Maƙwabta suka leƙo. Kafin Baba ya buɗe baki, Auta ta durƙusa.

“Umma, laifina ne. Ni na bar injin da ƙarancin zafi, hankalina ya tafi wajen fita.”

Baba ya juyo ya yi mata faɗan da bai taɓa yi mata ba. Ya ce ta zubar masa da suna, ya ce soyayya ta ɗauke mata hankali daga aiki. Ta sunkuyar da kai tana cewa a yi haƙuri. Umma kuwa ta gyara mayafi, ta ce wadda ta kasa riƙe aikin yini ɗaya ba ta ga yadda za ta riƙe gida ba. Maganar aure a dakata tukuna.

Auta ta sayi sababbin riguna ta sake aikin duka. Ba wanda ya zo karɓa.

Wata rana da yamma Dogo ya same ta a bayan shago tana tsince ragowar leda daga jikin haruffa. Ya ja kujera ya zauna. Ya rame.

“Zuciyata, har yaushe?”

“Har yaushe me?”

“Ina tsaye kika saita injin nan. Na gani da idona.”

Ta ci gaba da tsintarta. Ya ce Umma ba muguwa ba ce. Idan ta ji idon tsoho ne, tausayi za ta ji, ta ce tsufa ne, shi ke nan a sa rana. Ya ce mai gidan da suka duba ya fara tambaya. Ya ce shi kam abinci ma ba ya masa daɗi.

“Umma ta ji, ƙanwarka ta ji. Ƙanwarka ta ji, ƙawayenta sun ji,” in ji Auta. “Gobe wa zai kawo wa makaho riga?”

“To a kai shi asibiti mana.”

“Zan kai shi. Da dabara, ba da tonon asiri ba.”

“Ni fa? Ni ba ni da haƙƙi a kanki?”

Hannunta ya tsaya. Tana son mutumin nan, son da ke hana ta ganin layin duwatsu idan ta tuna shi. Ta ce masa yana da haƙƙi, ta ce idan zai iya jira za ta bi Umma da haƙuri har ta huce, ko da shekara za a yi. Idan kuwa ba zai iya ba... ba ta ƙarasa ba.

Daga cikin shago muryar Baba ta taso. Yana gaya wa wani mai riga, cikin isa, cewa a nan ba a yin aiki sau biyu, wancan kuskuren na yarinta ne kuma ya tsawatar. Auta ta yi murmushi, hawaye na sauka a kan ledar.

Dogo ya miƙe, ya rage murya.

“Kalma ɗaya ce, masoyiya. Ki zo mu je yanzu ki faɗa wa Umma. Ko ki bar ni ni in faɗa.”

Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauki hantsakinta.

“Ba zan faɗa ba. Kai ma ban yarda ka faɗa ba.”