Unguwar da Ake Shara da Magariba

Ranar wata Alhamis, da la'asar sakaliya, Rakiyya ta sauka a tashar Gumel tare da 'yarta Hidaya. Cikin Hidaya ya shiga wata tara. Shi ne na uku. Biyun farko duk a hanyar asibiti suka koma, don ƙauyensu yana can bayan Sule Tankarkar, kafin a samo mota aikin gama ya gama. Shi ya sa a wannan karon Rakiyya ta ce kusa da asibiti za su zauna har Allah ya sauke ta lafiya.

Bappa, yayan mijin Rakiyya, ya yi musu kwatancen gidan wata 'yar uwa, Tayyiba. Wani mai adaidaita, Usaini, ya kai su. Tun daga bakin lungu ran Rakiyya ya ɓaci. Injin markaɗe yana ta ruri. Kwata tana gudu a tsakiyar hanya, kaji da awaki suna tsallake ta. Ga samari jere a kan benci, kowa da aski wani iri, suna musun ƙwallo kamar za su daki juna.

"A nan zan ajiye mai tsohon ciki? Cikin 'yan shaye-shaye?"

"Hajiya, baki kawai gare su," in ji Usaini. "Unguwar nan ko allura ba ta ɓata."

"Sauke mu. Ni zan nemi wuri da ƙafata."

Ko gaisawa da Tayyiba ba ta shiga ta yi ba. Ta ɗora jaka a ka, Hidaya tana biye tana dafe da ƙugu. Suka bi lungu, suka karya, suka sake karyawa. Hayaniya ta yi ta raguwa har ta ɗauke.

Sai ga wata unguwa. Katangu a shafe, ƙofofi a ture. Ƙasa a share tas, har ana ganin zanen tsintsiya. Ba kwata, ba kashin akuya, ba hayaƙin girki.

"Kin ga unguwar mutanen kirki," in ji Rakiyya, ta sauke ajiyar zuciya.

A ƙofar wani gida wata mata tana duƙe tana shara, mayafi ya rufe mata fuska. Rana ta riga ta yi ja. Rakiyya ta san ba a shara da magariba, uwarta ta sha doke mata hannu a kan haka. Amma ta ce a ranta mutanen gari ne, tsabta ce ta yi musu yawa.

Ta yi sallama. Matar ba ta amsa ba.

"Ku shiga," ta ce, ba ta ɗago ba. "Tun ɗazu na gyara muku ɗaki."

Suka shiga soro. A bayansu tsintsiya tana ta shar, shar.

Tsakar gidan sanyi kamar bakin rijiya. Murhu wankakke, ko toka babu. Ga tabarma a shimfiɗe, ga ƙwarya cike da ruwa. Hidaya ta zauna da ƙyar, ta jawo ƙwaryar.

Rakiyya ta kasa kunne ko za ta ji kiran salla. Gari kamar Gumel, masallaci a kowane lungu, amma shiru.

Ta waiwaya. Matar ta biyo su ciki, har yanzu a duƙe. Ba datti take sharewa ba. Sawunsu take bi, tana goge shi ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ma namiji ne," in ji matar a hankali. "Kamar biyun farko."

Ba wanda suka gaya wa.

Wari ya taso daga ƙwaryar, warin taɓon kududdufi. Hidaya ta kai ta baki. Rakiyya ta buge ta da bayan hannu. Ruwan ya zube, ƙasa ba ta jiƙe ba.

"Tashi," ta raɗa mata.

"Inna, marata."

"Tashi, na ce. Kar ki kalle ta."

Ta bar jakar. Ta rungumo 'yarta, tana ta a'uziyya, suka raɓa ta jikin bango suka fita.

A waje ba sawu ko ɗaya. Lungu huɗu, duk iri ɗaya.

Ƙofofi suka fara buɗewa. Kowace ƙofa da mace a duƙe, da tsintsiya.

Shar. Shar.

Takalmin Hidaya ɗaya ya cire. Ba su tsaya ba.

Can nesa, siriri kamar kukan sauro, Rakiyya ta jiyo injin markaɗe. Sai wata murya tana rantsuwa ba ƙwallo ba ce, alƙalin wasa ne ya cuce su.

Ta nufi muryar. Tsinken tsintsiya yana taɓa mata dunduniya.

Ƙafarta ta faɗa cikin kwata. Ba ta taɓa jin daɗin ƙazanta irin na ranar ba.

Kiran salla ya cika mata kunne daga ko'ina. Samarin benci ne suka taso da gudu, suka ɗaga Hidaya cak, wani ya ƙwala wa Usaini kira. Kafin isha'i an sauka a asibiti, namiji, yana tsala kuka.

Washegari da Tayyiba ta ji kwatancen, sai ta ce: "Yaya, ai ba gidaje a wurin nan. Tsohon kududdufi ne. Ko awakinmu ba sa zuwa."

A gidan Tayyiba suka yi kwana bakwai, cikin rurin inji da ihun samari, Rakiyya kuwa tana barcinta har da minshari. Ranar suna, da safe, ta fito zubar da ruwan wanka. A bakin ƙofa ta tarar da takalmin Hidaya, an wanke shi fes. Ƙasar da ke kewaye da shi a share, ba sawun kowa.

Tun daga ranar, duk garin da Rakiyya ta sauka, ba ta duban katanga ko fuskar mutane. Ƙasa take fara dubawa. A gida kuwa ta cika tsakar gida da kaji, kuma kullum kafin rana ta faɗi sai ta tattara tsintsiyoyi ta kulle a ɗaki. Jikan nata ya fara tafiya yanzu. Duk inda ya taka, tana biye da shi tana duba ko sawunsa yana nan.