Mun Iso Gida, Mzala

Na rantse da wanda ya yi ni ba za ku yarda da wannan ba, kuma ban ga laifinku ba. Sunana Qiniso, wato gaskiya da yarenmu, duk faɗin garinmu Eshowe kuwa babu wanda ya san ni da zai ji fassarar nan bai tuntsire da dariya ba. Ni ne na sa aka watse daga makarantarmu da tsakar rana saboda macijin roba. Shugaban makaranta ya ce in je gida in yi tunani, har yau tunanin nake yi.

Wankin mota nake yi a wani gareji a Durban, inda masu kuɗi ke kawo motocin gudu. Ko ido a rufe, aka tayar da inji zan gaya maka wace ce, in gaya maka ko mai ita ya iya tuƙi. Amma guda ɗaya ce ta tsaya min a rai, ta Sandiso.

Sandiso ɗan gwaggona ne, abokin wasana, mzala muke kiran juna. Dogo ne kamar turken lantarki, ni kuwa Allah bai ɓata kaya wajen yi na ba. Motarsa ja ce 'yar Jamus, ƙofa biyu, kujera biyu, inji a baya, cikinta kamar zai lashi kwalta. Tana da dokoki kamar gidan surukai. Ba a cin abinci a ciki. Ba a taka ta sai inji ya ɗumama. Ba a hawa tudun kwalta kai tsaye, sai a karkace. Babbar dokar kuwa, Qiniso ba ya taɓa sitiyari.

“Soso da bokiti, mzala,” haka yake ce min. “Iyakar gadonka ke nan.”

Na rama. Na cusa masa usur a salansa, ya yi ta zarya wurin bakanike yana cewa motarsa tana kuka kamar tsuntsu. Da ya gano, sai ya nuna ni da yatsan da yake sa zobe, ya ce akwai ranar da zai rama, kuma ranar ba zan yi dariya ba. Zoben nan yana da aiki. Duk kwanar da zai shiga sai ya ƙwanƙwasa shi a jikin sitiyari: tak, tak.

A wata kwana ya mutu, kan tsohuwar hanya, bayan gadar Thukela, tsakiyar gonakin rake. Ya tsaya ya duba tayar baya, motar ɗaukar rake ta kwashe shi. Jar motar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Gawa tana asibiti, za a kawo ta a binne ranar Asabar. Amma a al'adarmu, wanda ya faɗi a hanya kurwarsa tana nan inda ya faɗi, sai an je da reshen magaryar kura an ɗauko shi. In ba haka ba, akwati kawai aka binne, shi yana bakin titi yana neman gida. Gwaggo MaZondi, mahaifiyarsa, tana zaune a kan tabarma cikin bargon takaba, ta ce magana ɗaya: ɗanta a motarsa zai dawo.

Baba Dumisa, wan mahaifin Sandiso, ya ce kujera biyu ce fa, ɗaya ta direba, ɗaya ta mamacin. Ke nan direba ne zai riƙe reshe. Shi kuwa ko gwiwarsa ba za ta shiga wannan akwatin ashana ba. Aka rasa mai iya tuƙa ta. Na yi gyaran murya.

“Kai?” in ji Baba Dumisa. “Kai da bakinka ko barci kake ba ya hutawa?”

“Baba, mzala ne fa. Wa ya san shi kamata?”

Gwaggo ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu. “Kawo min shi, Qiniso. Ka kawo min shi har ɗakin nan.”

Ranar Juma'a, kafin 'yan sanda su sakar mana motar, rana ta yi ƙasa. Mun isa kwanar da almuru. An ƙone gonar rake ta gefe, iska tana warin toka da ƙonannen sukari. Baba Dumisa ya durƙusa ya ja reshen a ƙasa inda aka zuba yashi a kan jinin, yana kiran Sandiso da sunayen kakanninsa, yana cewa tashi ɗana, nan ba wurin kwana ba ne. Sannan ya juyo gare ni.

“Daga lokacin da ka karɓa, ba ka magana da mai rai. Da shi kaɗai. Duk kwana ka gaya masa, duk gada ka gaya masa, ba ya ganin hanya sai da bakinka. Ina bayanka a a-kori-kura. Kar ka amsa min, karɓi.”

Na karɓa. Ƙayar magaryar kura bibbiyu take, ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya ta lanƙwaso baya. Na ajiye reshen a kujerar gefe, na tayar da inji.

Sai ƙararrawar bel ta fara kuka.

Na duba, nawa a ɗaure yake. Hoton da ke ci a gabana na kujerar gefe ne. Motar nan ba ta yin haka sai ta ji nauyin mutum. Na taɓa ɗora mata jarkar mai ba ta ce uffan ba.

Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Na jawo bel na ɗaure reshen. “Kai da dokokinka, mzala. To zauna da kyau, yau mai soso ne direba.”

Ƙarar ta ɗauke.

Da farko na yi abin kirki, har ni na yi mamaki. Mzala, ga kwana hagu. Mzala, muna hawan tudu. Mzala, ga shanu, na rage gudu. Ina magana ina kallon allurar zafin inji tana tasowa. Da ta kai tsakiya, ƙafata ta yi abin da ta shekara tana mafarki.

Jama'a! Motar ta yi ruri a bayan kunnena, kujera ta rungume ni, gonakin rake suka zama zare. Fitilun Baba Dumisa suka koma kamar idon kyanwa, suka ɓace.

A mararraba, hagu gida ne. Dama kuwa wurin gashin naman Bra Sipho ne, inda samari ke jera motoci ranar Juma'a, inda Nokwanda ke sayar da lemo, yarinyar da ta taɓa ce min in dawo idan na mallaki ko da keke. Na ce a raina leƙawa kawai zan yi, kafin tsoho ya iso na dawo hanya. Mamaci kuma ba ya gani sai da bakina.

“Mzala,” na ce, ina danne dariya, “mun kama hanyar gida.”

Na karya dama.

Tak, tak.

Na ce tsakuwa ce.

Na shiga filin Bra Sipho a karkace, na ba ta wuta har kiɗa ya ji kunya. Samari suka yo caa. Na dubi reshen na ce, “Mun iso gida, mzala. Huta.” Na fita ina kaɗa makulli.

Na yi magana. Na yi ta da kowa. Na ce gado na ci, na ce daga Durban zuwa nan ko lemona bai huce ba. Nokwanda ta zo ta tsaya hannu a ƙugu, amma ba ni take kallo ba.

“Wannan dogon fa? Ba zai fito ba ne?”

“Wane dogo?”

“Ka daina wasa, Qiniso. Na cikin motarka. Tun ɗazu yake dube-dube kamar wanda aka sauke a tashar da ba tasa ba.”

Bra Sipho ya miƙo min nama a takarda, ƙunshi biyu. “Ɗaya na abokinka. Ce masa ya saki fuska.”

Na yi dariya, amma ni kaɗai na ji ta. Na koma motar da naman a hannu.

Bel ɗin gefe a kwance yake. Kujerar babu komai.

Reshen yana kan kujerar direba.

Na mayar da shi wurinsa da yatsu biyu, na shiga, na ja ƙofa. Ciki ya yi sanyi kamar firjin mahauta. Ƙamshin naman ya ɓace. Turaren Sandiso nake ji, da toka, da jiƙaƙƙen yashi.

Ban taɓa makulli ba inji ya tashi.

Sai kujerata ta fara ja da baya. A hankali, da ɗan zuuu ɗin nan nata. Ta yi ta tafiya har inda dogon mutum yake ajiye ta. Ƙafafuna suka rabu da birki. Madubai suka juya da kansu, suka daina kallona.

Motar ta fita daga filin, ta hau tudun ƙofa a karkace. Samari suna tafi.

Na kama sitiyari da hannu biyu. Kamar na kama reshen kuka. Akwai wasu hannayen a ƙarƙashin nawa.

Duhu ya rufe. Babu mota gaba, babu baya. Muka wuce mararraba, ba mu yi hanyar gida ba.

Sai na ji muryar, ƙasa-ƙasa, dab da kunnena na hagu.

“Mzala. Ga kwana dama.”

Tak, tak. Motar ta kwanta dama.

“Mzala. Muna gangara.”

Irin muryar da na yi ta yi masa ce. Muryar da ake yi wa wanda ba ya ganin hanya.

“Sandiso,” na ce, “wasa nake yi.”

“Mzala. Mun kama hanyar gida.”

Allurar gudu ta wuce inda na taɓa ganin allura ta kai. Rake yana shuu a gefe biyu. Warin ƙonannen sukari ya cika min hanci.

Birki.

Muka tsaya cak a gefen titi. Fitila tana haska yashin nan. Ga sawun da reshe ya ja a kai.

Inji ya mutu. Sai ƙarar ƙarfe yana hucewa, da kukan gyare.

Bel ɗina ya ɓalle da kansa.

Ƙofata ta buɗe, ɓangaren titi.

“Mun iso gida, mzala. Sauka.”

Can sama kan tudu, fitilu biyu suka ɓullo. Manya. Na ji gurnanin motar rake, ta yi lodi, tana gangarowa.

Wani abu ya dafa kafaɗata. Yatsu masu sanyi, ɗaya da zobe. Ya tura.

Ƙafata ta dama ta taka kwalta.

Na kama kujera, fatarta ta zame min. Na kama giya, hannuna ya suɓuce da maiƙon nama.

Haske ya cika madubi.

Na kai hannu na damƙi reshen, gaba ɗayansa, ƙaya ta shige har ƙashi.

“Ba gida ba ne!” na yi ihu. “Nan ne inda ka faɗi! Can ma ba gida ba ne, wurin Bra Sipho ne, na yi maka ƙarya! Gwaggo tana kan tabarma tana jiranka, Sandiso, ta ce har ɗaki!”

Turawar ta tsaya.

Sai reshen ya fizge ni ciki, da ƙayar nan mai lanƙwasa, kamar kifi a ƙugiya.

Motar rake ta wuce da ƙofar.

Na ji ta tana birgima a kwalta, tana tartsatsi, har ta faɗa cikin gona. Direban bai tsaya ba. Ina kwance a kan giya, fuskata a kujerar gefe, kujerar kuwa a lotse take kamar da mutum a kai.

Tak, tak.

Har yau ban sani ba ko ramuwar usur ce, ko da gaske ya yi niyya ya fasa.

Ban motsa ba sai da wata fitila ta tsaya a bayana. Baba Dumisa ne. Da ya isa mararraba bai gan ni ba, bai ko nufi gida ba, ya juyo nan. Ya haska ramin da ƙofa ta bari, ya haska naman da ya watse a kan fatar kujera, ya haska hannuna. Na buɗe baki, don na riga na shirya labarin 'yan fashi mai kyau.

“Rufe,” ya ce. “Reshe na hannunka. Wanda aka yi wa ƙaryar hanya nan yake dawowa, ba sai ka gaya min ba.”

Ya murɗa makulli, motar ko tari ba ta yi ba. Ya gwada cire min reshen, ƙaya ta ƙara nutsewa. Ya girgiza kai.

“Ba zai sake yarda da kai a mota ba. Da ƙafa za ka kai shi. Duk dutsen da ka taka ka gaya masa sunansa na gaskiya. Ina bayanka da fitila. In ka yi masa ƙarya ko ta wasa, nan za mu dawo, kuma ba na jin zai sake jawo ka ciki.”

Na dubi tuddan da ke tsakaninmu da Eshowe. Na dubi takalmina mai tsini, wanda na saka saboda Nokwanda.

“Mzala,” na ce, “wannan kwalta ce. Muna tafiya a gefen hagu.”

A bayana na ji takun dogon mutum ya bi sahu.

Rana ta yi tsaka kafin in ajiye reshen a tabarmar Gwaggo, masu makoki suna ta jira da akwati. A nan ƙayar ta sake ni, amma ramin da ta bari a tafin hannuna bai rufe ba. Duk sanda na yi ƙarya sai ya ɗigo jini. Tun da na fara labarin nan a bushe yake, in ban da wuri ɗaya, inda na ce ban ji tsoro ba.